Gaisuwar Baba da Shafi na Huɗu

Ranar ƙarshe ce ta rubuta suna a jarrabawar ɗaukar malaman lakkol, wato makarantar boko, kuma ta intanet kaɗai ake yi. Ina idar da azahar na shiga shagon intanet na bakin kasuwar Dakoro, na zauna gaban ordinatar, wato kwamfuta. Da ƙarfe shida za a rufe, wanda bai gama ba sai baɗi.

Fom ɗin da za a cika shafi biyar ne. Abin ya burge ni da farko: na sa sunana a shafin farko, na wuce na biyu, sai ga shi a sama yana jirana. Amma hotunan takarduna sun ci kusan awa guda kafin su hau, don rezo ɗinmu, wato layin sadarwa, tafiyar jaki mai kaya yake yi.

A shafi na huɗu aka nemi lambar takardar haihuwata. Takardar kuwa tana wajen Baba, can rijiya a Azagor, inda yake da shanunsa. Na kira shi. To, mu a gidanmu ba a faɗa wa uba buƙata sai an gama gaishe shi. Na tambayi kwana, gajiya, bisashe, ruwan rijiya, gwiwarsa mai ciwo. Shi ma ya bi mutanen gidana ɗaya bayan ɗaya. Ban kai ga maganar takarda ba rezo ya yanke. Na juyo ga allo, sai na tarar an mayar da ni shafin farko, fayau, ko sunana babu.

Mai shagon, wani dattijo mai tabarau, ya matso.

"Madam, sesiyon ɗinki ta mutu. Da kin shiga, masu shafin suna ba ordinatar wata 'yar lamba, kamar shaidar da ake sa ma tunkiya a kasuwa. Duk shafin da kika buɗe, tana nuna lambar, su gane ke ce, su riƙe miki abin da kika rubuta. In kika daɗe ba ki taɓa komi ba, sai su ɗauka kin tahi, su shahe."

"Minti nawa suke jira, Malam?"

"Kaɗan. In kin sake kiran tsohon, ki yi sallama ki tambayi lambar, shi ke nan."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Wato in datse mahaifina a baki saboda wani inji ya ƙosa? Na ce, "Wallahi ba ni yi."

Na sake cika komai daga farko, ina huci. Biyar da rabi ta wuce kafin na dawo shafi na huɗu. Ina jin tsoro, ba zan ɓoye ba, domin in ta sake mutuwa babu lokacin cikawa ta uku. Amma na riƙe abu ɗaya daga bayanin dattijon: shiru ne ba sa so. Sai na manna waya a kunnen hagu, na ɗora hannun dama a kan linzamin ordinatar. Baba ya ɗauka, na soma gaisuwa daga tushe, ban rage ko kalma ba. Ina cewa "ya bisashe?" ina komawa shafi na uku. Yana cewa "lahiya lau" ina dawowa na huɗu. Mai shago ya tsaya a kaina yana duban agogo yana tsaki. Ko kallonsa ban yi ba.

Da muka kammala na faɗi buƙatata. Na ji Baba yana kwance jakarsa ta fata. Bai yi boko ba, amma waya ta koya masa lambobi. Ya karanto su ɗai-ɗai, ina bugawa, sannan na cika shafin ƙarshe na tura. Ya shiga, saura 'yan mintuna.

Baba yana kan layi har lokacin. Ya ce, "Ɗiyata, tun kina goye nike yawo da takardar ga, rani da damina, ban san mi za ta yi miki ba. Ashe ba banza na ɗauke ta ba."