Titus, Mai Karanta Takalmi

Kafin 'yan dako su fara sauke buhuna a Kasuwar Gombe, Titus ya riga ya share gindin dogonyaron da ke bakin layin 'yan hatsi, ya yayyafa ruwa, ya kafa bencinsa. Sai ya buɗe akwatinsa ya jera kayan aiki a kan tsohon buhu: basilla, guduma, zare, dunƙulen kakin zuma, gwangwanin madara cike da ƙananan ƙusoshi, da ƙafafun katako uku da ya sassaƙa da hannunsa. Yakan rufe ido ya yi addu'a da harshen Tangale, ya kurɓi kununsa, sannan ya ɗauki takalmin farko. Haka yake yi tun kafin a sauke tutar Turawa. Ƙarshen watan nan zai naɗe kayansa ya koma garinsu wajen Billiri, domin ido ya fara ƙin zare.

'Yan doka sun san shi, malaman makaranta sun san shi, matan da silifas ya tsinke musu a tsakiyar kasuwa sun san shi. Amma waɗanda za su fi kowa rashinsa su ne 'yan ƙwallon garin nan. Shekara ashirin yana ɗinke musu ƙwallon fata idan ta fashe, yana buga musu haƙoran takalmi, kuma babu Asabar ɗin da ba ya zuwa fili ya zauna a bayan raga a kan akwatinsa. Kowa ƙwallo yake kallo. Shi ƙafafu yake kallo.

Zan faɗi gaskiya tun daga nan, don kada a ɗauka aboki ne yake yabon aboki. Sunana Sa'idu, ni mai awon kaya ne a tashar jirgin ƙasa, kuma na fi shekara uku ina kishin wannan dattijo. Har yau bai gama sakina ba.

Dalili shi ne ɗana na fari, mai riga lamba tara a ƙungiyar Taurarin Manawashi. A gidanmu ba a kiran sunan ɗan fari. Mahaifina bai taɓa kiran nawa ba har ya koma ga Allah, ni ma haka na ɗauko. "Kai" nake ce masa, ko in ce wa uwarsa Barira, "Gaya wa wancan." Ita kuwa ta fi ni kunyarsa. Ba ma zama tabarma ɗaya da shi, ba na yabonsa, shi ma ba ya ɗaga ido ya dube ni. Amma in na biyo ta kasuwa sai in hango shi a bencin Titus, ƙafarsa a kan cinyar dattijon, ana kiran sunansa gatsau, yana dariya har da buga gwiwa. Ni ban san yana da irin wannan dariyar ba. "Baba Titus" yake ce masa. Kalmar nan ta "Baba" ita ce ke tsaya mini a wuya.

Shekarar da aka biya ma'aikata kuɗin ƙarin albashi na Udoji, abokan aikina suka yi ta sayen rediyo da babur. Ni na ce takalmin ƙwallo zan saya masa, na kanti, wanda Titus bai isa ya ɗinka irinsa ba. To, yaya zan tambaye shi girman ƙafarsa? Sai na jira ya fita, na ɗauki wani takalminsa da na gani a ƙarƙashin gado, na karya tsinken tsintsiya daidai tsawonsa, na ba wani abokin aikina mai bin jirgi zuwa Jos. Takalmi ya zo, baƙi wul mai farin zane. Na ajiye masa a kan gado ban ce komai ba. Washegari ya durƙusa ya gaishe ni ya daɗe bai tashi ba. Godiyar ke nan, na kuma gane.

Daga nan ƙwallo ta ƙi shiga. Yaron da ya ci goma sha ɗaya a kakar da ta wuce ya buga wasa bakwai bai ci ko ɗaya ba. Ƙungiyar ma gaba ɗaya ƙwallo biyu ta ci a wasannin nan, ɗaya ma mai tsaron bayan wasu ne ya ci gidansu. Ni ina zuwa kallo a ɓoye, in tsaya can nesa bayan masu rake, ina jin abin da ake cewa.

"Lamba tara ko lamba barci?"

"Budurwa ya yi a unguwar Arawa, ƙarfin ya tafi zance!"

"Ku ba shi tabarma ya kwanta a gaban gola!"

Wani dattijo ya rantse asiri aka yi masa. Ni kuwa a zuciyata na yanke hukunci: Titus ne ya ɓata shi da yabo. Da na ji cewa kocinsu, Yuguda, zai karɓe rigar ya ba wani kafin wasansu da 'yan Kumo, sai na kasa cin abinci. Na san yaron nan. In aka tuɓe masa rigar a gaban gari, ba zai sake taka fili ba, kuma ba zai gaya wa kowa abin da ke cinsa ba.

Ranar Laraba bayan azahar na tafi kasuwa da niyyar in ce wa Titus ya fita harkar ɗana. Ina isa na ga takalmin da na saya a kan bencinsa, an farke bakinsa, an cusa masa ƙafar katako.

Na ce, "Wa ya ba ka izinin yanka wannan? Ka san daga ina ya zo?"

Bai ɗago ba. Ya ce, "Sannu da zuwa, Malam Sa'idu. Zauna mana, benci ba ya cizo. Lamba nawa ɗanka yake sawa?"

"Tara. Duk gari ya sani."

"Ba riga ba. Takalmi."

Ban sani ba. Ni da nake auna buhun gyaɗa in gane an rage mudu ɗaya.

Ya ɗauki na dama ya miƙo mini. "Duba bakin nan. Wasa bakwai, ko ƙwarzane babu, kamar jiya aka fito da shi daga kwali. Yanzu duba gefen ciki, ya cinye. Yaron da ke dukan ƙwallo da gadon ƙafa har gola ya yarfe hannu, yanzu da gefe yake tura ta kamar mai korar kaza. Ba lalaci ba ne, ba budurwa ba ce. Tsoron ƙwallon yake ji. Jiya na ce ya cire safa, ya ƙi, sai da na yi masa tsawa. Farce biyu sun yi baƙi, ɗaya ya fita."

Na ce, "To me ya hana shi magana?"

Sai a lokacin ya dube ni. "Ya gaya wa wa? Na ce masa ya koma tsohon takalminsa, ya ce ko ƙafar za ta gutsure ba zai cire abin da babansa ya saya masa ba. Ya ce kana zuwa kallo, kana tsayawa bayan masu rake, za ka gani."

Ashe ya san ina zuwa. Takalmin da na auna kuwa na shekara biyu baya ne, wanda ya riga ya bar wa ƙaninsa.

Na tambayi Titus ko in aika a sayo wani. Ya ce a'a, wannan ɗin zai sa. Ya jiƙa fatar, ya shafe ta da kitse, ya bar ta kwana biyu a kan katako, ya ƙara wani yanki a bakin, ya rina shi baƙi, ya ɗinke da ɗinkin da sai ka sa yatsa za ka ji shi. Ya ce da ban zo ba, da ba zan taɓa sani ba, haka suka shirya. Wato su biyu sun haɗa baki don su rufa mini asiri. Na rasa ko godiya zan yi ko fushi. Na yi duka biyun.

Abin da ya biyo baya Yuguda ne da kansa ya ba ni labari. Ranar Juma'a da yamma Titus ya same shi wajen atisaye, ya zazzage aljihunsa biyu a kan benci. Ƙusoshi ne. Ashe duk wasannin nan, in yaron ya kuɓuce wa masu tsaron baya ya tsaya inda ya kamata, sai Titus ya jefa ƙusa ɗaya a aljihun dama. In ƙwallon ta iso shi a wurin, ya jefa ɗaya a na hagu.

Ya ce, "Koci, ƙirga."

Na dama ashirin da shida. Na hagu biyar.

Yuguda ya ce, "Biyar ɗin ma ai zubarwa ya yi, Baba."

"Biyar ɗin nawa ne, na gyara, suna kan katako. Ashirin da ɗayan naka ne. 'Yan gefenka biyu kowa so yake 'yan mata su tafa masa, sai ya yanke mutum uku sannan ya tuna akwai lamba tara. Ka cire yaron, ka sa wanda ka ga dama, shi ma zai tsaya yana kallon jirgin sama. Ba shi Asabar ɗaya."

Yuguda ya ce ya ji haushi ƙwarai, mai gyaran takalmi yana koya masa aiki a gaban yaransa. Amma ya kwashe ƙusoshin ya nuna wa 'yan gefen, ya ce duk wanda ya riƙe ƙwallo fiye da taku uku zai koma benci.

Ranar Asabar ban tsaya bayan masu rake ba. Ƙafata ta kai ni bayan raga, kusa da akwatin Titus. Ya matsa mini. 'Yan Kumo suka ci mu tun da wuri. Kafin hutun rabin lokaci aka ba yaron ƙwallo shi da gola, ya ɗaga ta sama har cikin gonar makaranta. Fili ya ɗauki ihu. Na sunkuyar da kai. Titus kuwa murmushi yake yi.

Ya ce, "Ka ji ƙarar? Da gadon ƙafa ya buga. Ya dawo."

Saura kamar minti goma a tashi, ɗan gefen hagu ya kwaso ta tun kafin taku uku. Yaron ya tare ta da ƙirji, bai jira ta sauka ba. Ni dai ragar na gani ta kumburo ta wajenmu. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ji wata murya tana kiran "Ja'afaru! Ja'afaru!" sai da na ji maƙogwarona yana zafi na gane tawa ce. Shekara goma sha tara, ranar ce na fara kiran sunansa.

Cikin hayaniyar babu wanda ya ji sai mutum ɗaya. Kai ne, Titus. Ka ci gaba da kallon fili kamar kurma, kuma shekara uku ke nan ba ka gaya wa kowa ba, har shi. Ɗaya da ɗaya aka tashi, ba mu ci wasan ba, amma rigar ta zauna a jikinsa har yau.

Kai ne ka karanta a jikin fata abin da gari guda ya kasa karantawa a fili. Kai ne ka ga laifina ƙuru-ƙuru, ka ɗinke shi da baƙin zare don kada a gani. Mai basilla, mai aljihu biyu. Ba ni kaɗai ba ne shaida. Edna mai abinci ta ce shekara goma kana gyara takalman 'ya'yanta na makaranta kafin ta lura kana ƙara musu tsawo duk hutu. Bappayo direba ya ce kai ka fara gaya masa ya je asibiti, don ka ga dugadugin takalminsa na hagu ya daina cinyewa, ka ce yana jan ƙafa.

Duk da haka ba zan yi ƙarya ba. Ranar da aka kira yaron gwaji a Bauchi, bencinka ya fara zuwa da takardar, ni sai da yamma na ji a bakin Barira. Na kwana biyu ban bi ta layin 'yan hatsi ba. Kuma da na ji za ka tafi, abin da ya fara zuwa zuciyata ba shi da kyau, na ce to, yanzu saura ni kaɗai. Sai tsoro ya biyo baya: in wani abu ya sake matse shi, wa zai gaya wa?

Makon jiya na je yi maka sallama, na faɗa maka wannan tsoron. Ka buɗe akwati ka ɗauko tsinken tsintsiya ka sa mini a hannu, ka ce, "Wannan awonsa ne na bana. Amma kada ka dogara da shi, Malam Sa'idu, ƙafa tana canzawa. Bakinka ya fi tsinke."

Na gode, Titus. Allah ya kai ka gida lafiya, ya bar maka sauran ganinka, ya sa 'ya'yanka su riƙe ka yadda ka riƙe na mutane. Ku kuma masu zama bakin fili kuna yanke wa 'ya'yan wasu hukunci, kafin ku ce yaro ya lalace, ku yi abin da wannan dattijo yake yi: ku duba ƙasa, ku ga inda yake takawa, ku ƙirga sau nawa aka ba shi. Iyaye irina, kada ku jira sai mai gyaran takalmi ya gaya muku.

Shekaranjiya da safe yaron ya durƙusa gaishe ni, zai tafi atisaye, takalmin nan a rataye a wuyansa, ya sha ɗinki har ba a gane asalinsa. Tsinken yana aljihuna. Na yi gyaran murya sau biyu kafin maganar ta fito.

Na ce, "Kai. Ba ya matse ka?"

Ya daɗe yana kallon ƙasa. Sannan ya ɗago ido ya dube ni.

Ya ce, "Kaɗan, Baba."