Ƙwaryar Gwaggo Adawiyya

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 17 ga Mayu 2022, gwaggona Adawiyya ta rasu a ƙauyenmu da ke yamma da Gangara, bayan ciwon ciki da ruwan tafki ya jawo mata.

Gwaggo, kin fi kowa sanin al'adarmu: baƙo ba ya buɗe baki sai an ba shi ruwa. Ko bazara ta kai bazara, makiyayi bai taɓa wuce ƙofarki da ƙishirwa ba. Shi ya sa abin da kika yi gab da zaɓen 2020 ya girgiza mutane. Famfonmu ya daɗe da mutuwa, mata na wuni a bakin rijiya. Da konseyenmu, wato kansila, ya zo neman ƙuri'a, kika durƙusa da ladabi, kika miƙa masa ƙwarya ba komai a ciki. Ya leƙa, ya dube ki. Kika ce, "Ka yi haƙuri, Alhaji, abin da ka bar mana ke nan."

Maza suka ce kin zubar da mutuncin gari. Ni ma na sunkuyar da kai. Amma labari ya bi kasuwa, har Belbeji aka ji. Duk inda ɗan takara ya sauka, sai mata su tare shi da busasshiyar ƙwarya, ba zagi, ba jifa. Mazan da suka zarge ki suka fara tambayar matansu wa za a zaɓa. Konseye ya faɗi, Sabi'u ya hau, bayan ya rantse zai gyara famfo.

Bai gyara ba. Kin ce kunya ta hana ki shiga kasuwa, don ke kika ja mata suka zaɓe shi. Wannan abu yana ci mini rai har yau. Ruwan da aka yi miki wanka da shi, a jaki aka ɗauko daga wani gari.

Da Sabi'u ya zo gaisuwa, 'yarki Ikilima ta fito da ƙwaryar nan, ta ajiye a gabansa, ta koma ciki. Babu wanda ya sunkuyar da kai sai shi.

Allah ya gafarta miki, Gwaggo, ya sanyaya makwancinki, ya shayar da ke daga Alkausara. Ya ba Ikilima da 'yan'uwanta da matan garinmu haƙurin rashi. Amin.