Kawu Mahama, Mai Riƙe Labari

"To mene ne amfanin manhajar, Kawu, in ba za ta yi ƙara nan take ba?"

Abdulrauf ne tsaye bakin shagon gyaran waya na Mahama a unguwar Komah ta Sokode, da rigar fawa a jikinsa. Mahama bai ɗaga kai daga wayar da ya farke ba. Ya ce sanarwar suna da ta ɗaurin aure su yi ƙara lokacin da suka ga dama, amma rasuwa za ta jira.

Abdulrauf yana da shafi a intanet inda yake rubuta sanarwar mutanen zango, daga Sokode har Dapaong. Ya buɗe shi ne bayan an binne kakansa bai ji ba sai da aka watse makoki. Shafin bai je ko'ina ba. Tsofaffi ba sa karanta boko, kuma buɗe shi kaɗai yana cinye forfen mutum, wato kuɗin datarsa. Ya nemi wani kamfani a Lome ya mayar da shi manhajar waya, suka faɗi farashin da ya sa ya kashe kiran ba sallama. Sai Mahama ya ce a kawo masa ya gwada.

Mahama ba mai yawan magana ba ne. Fiye da shekara ashirin yana buɗe shagon nan bayan asuba. Ya yi shara, ya jera wayoyin mutane a tire, ya ɗaura tabaraunsa da aka ɗinke ƙafarsa da zare. Tsakanin waya da waya ya koyi aikin manhajar, a kan tsohuwar kwamfutar da ba ta tashi sai an jingina mata fanka. Kayan aikin kyauta ya yi amfani da su. Ya gwada a kan wayoyin da masu su suka bari ba su dawo ba, ya ce in ta yi aiki a kan waɗannan gajiyayyu, to za ta yi a hannun kowace tsohuwa. Ya rage mata nauyi har ana tura ta daga waya zuwa waya a tasha. Ya sa mata murya: a danna, a ji sanarwa da Hausa, a ji da Kotokoli.

Rasuwa ce kawai ya sa wa ƙofa. A wurinmu ba a jefa wa mutum mutuwar nasa daga nesa. Babba ne yake takawa, ya yi sallama, ya zauna, ya tambayi gida da yara, sannan ya faɗa. Mahama ya tsara manhajar yadda labarin rasuwa ba ya fita sai ya ji daga bakin wani dattijo cewa an isa ga na jiki. Abdulrauf ya ce gawa ba ta jiran kowa, kuma saboda jinkiri ya fara wannan aiki tun farko. Gaskiya ya faɗa. Mahama bai musa ba, bai kuma cire ƙofar ba. Suka yi makonni ba sa haɗa ido a masallaci.

Da damina ta yi nisa, mahaifin Abdulrauf ya faɗi a kasuwa da hantsi, bai tashi ba. Hanifa, ƙanwar Abdulrauf, tana aure a Dapaong da tsohon ciki, ta riga ta yi ɓari biyu, kuma manhajar tana cikin wayarta. Abdulrauf ya sauka daga zemijan, babur ɗin haya, a ƙofar shago ba takalmi.

"Kawu, kada ka sake shi."

"Yana hannuna. Je ka wurin gawa."

Mahama ya kira Inna Gwamma, gwaggon mijin Hanifa. Ta tafi cin kasuwar Gando, wayarta ba ta shiga. Ya yi ta kira. Mutane suka taru a bakin shagon suna cewa za a yi salla bayan la'asar, dangi suna nesa, me yake jira? Wani ya ce masa ai ba shi ya aiko mutuwar ba da zai riƙe ta. Ya saurare su duka, ya juya wayar ta kalli tebur, ya ɗora hannu a kai. Har rana ta karkata. Da Inna Gwamma ta isa gidan Hanifa, ta zaunar da ita a tabarma, ta riƙe kafaɗarta, ta faɗa mata. Sannan ta kira Mahama ta ce, "An gaya mata." Sannan wayoyi suka yi ƙara.

Hanifa ta sauka lafiya. Amma Awwal, aminin mamacin a Mandouri, bai samu jana'iza ba, kuma har yau ba ya amsa gaisuwar Mahama. Mahama bai taɓa cewa ba laifinsa ba ne.

Kai ne, Kawu, ka yarda a zage ka a ƙofar shagonka don wata mace a nesa ta ji mummunan labari da hannu a kafaɗarta. Ba sunanka ko'ina a manhajar. Mun duba. Mun gode, Allah ya saka. Masu tasowa da suka fi ka saurin yatsa, su koyi wannan ma: a tambayi wa zai ji, da kuma wa yake kusa da shi.

Idon Kawu Mahama ya fara gajiya. Ƙarshen watan jiya ya miƙa shagon da kwamfutar ga samarin unguwa, aka yi ɗan taron shayi. Suna ta zancen sabon fasali, wanda komai zai fita da kansa ba jiran kowa. Mahama yana da 'ya guda, Zahra, ita ma a Dapaong take. Ya kurɓi shayi, ya cire tabarau, ya dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Ran da nawa ya zo, wa zai riƙe shi har a isa wurin Zahra?"