Jirgin Da Ya Shiƙe Mana Barkono

Ko zan manta da komai a duniya, ban da ranar da na tsaya ina korar jirgin sama kamar akuya. A shekarun casa'inoni ne, shekarar da tsuntsayen jan baki suka sauko wa gonakinmu na Potiskum. In suka taso sai ka rantse hadari ne. Dawata tana ƙosawa, su kuma suna walima a kanta.

A shekarar ne uwar yarana ta yi barkono ya yi albarka, wanda za mu ci shekara da shi, har ta yi wa danginta alkawarin yaji. Sai dai wurin shanya ya gagara, kaji sun hana. Ni da ban wuce aji biyu ba amma nake ji da wayo, na ce a kai tsohon filin jirgi.

Ta ce, "Malam, filin jirgi fa ka ce."

Na ce, "Wane jirgi? Wanda ya sauka tun zamanin Turawa? Yanzu ai shanu ke sauka a can."

Na kwashi buhuna a amalanke, na baje barkonon jawur a tsakiyar fili, na kishingiɗa ina gadi. Can bayan azahar sai ga motar ma'aikatan gona ta tsaya daga can nesa, manya da manyan riguna suna ta kallon sama. Kafin in gane, na ji ƙugi. Wani ɗan ƙaramin jirgi ne fari, farfela ɗaya a kowane fiffike, ya miƙo kaina.

Na tuɓe riga ina kaɗawa, ina ihu, "Kai! Kai! Koma!" Ya sauka abinsa can gaba, ya gangaro a hankali, ya juya mini baya. Farfelun nan biyu suka yi wa barkono shiƙar da mata goma ba za su iya ba. Sama ta yi ja. Manyan nan da suka taho tarba suka kama atishawa, wani hularsa ta faɗi, wani yana hawaye yana salati.

Matuƙin ya fito yana tari yana dariya, ya ce, "Baba, na ɗauki marasa lafiya a jirgin nan, na ɗauki masu awon ƙasa, na kai magani ƙauyukan da mota ba ta zuwa, amma ba a taɓa tarbata da yaji ba sai yau!" Ashe feshin jan baki ya zo yi.

Na tsince abin da ya tsintu, bai cika kwano ba. Na doshi gida ina jan ƙafa. Ta dubi kwanon, ta dube ni, ta ce, "Sannu, mai filin jirgi. Shanun ne suka sauko daga sama?"

Da yamma jirgin ya bi makwancin tsuntsayen, dawata ta tsira. Shekarar nan tuwo ya wadata, miya kuwa lami. Duk sanda na ɗaga loma na ɓata fuska, sai ta ce in je in tambayi abokina matuƙi.

Tun daga nan na koyi cewa duk filin da ka gani shiru, da mai shi, ko da yana sama bai sauko ba. Kuma in mace ta ce maka "fa", to tsaya ka saurara.