Man Gyaɗa a Injin Motar Baba

Ƙamshin ƙuli-ƙuli ne ya fara tasowa daga injin, sannan motar ta yi tari biyu ta mutu. Ina gaba kusa da Baba, na zo hutu daga kwaleji, mun taso daga Mabai za mu kasuwar Ƙanƙara da kwandunan tumatir. Noman ranin Baba ke nan gaba ɗaya, ga rana ta fara zafi.

Shekarun da kuɗin fetur ya shigo ne, sababbin motoci na ta wuce mu suna ƙyalli. Tamu tsohuwar akori-kura ce da ta girme ni. Kwana goma wata 'yar jar fitila na ci a gaban sitiyari, ta ƙi mutuwa. Ni sha'awa take ba ni, kamar tauraron asuba. Baba ya sa sabon batir, shi ma ta shanye shi.

Can sai ga wani dattijon bakanike a kan babur, abokin Baba.

"Alhaji, kai da tsohuwar taka kun sake ɓatawa?"

"Malam, bari zolaya, tumatir na dahuwa."

Ya buɗe gaban motar. Ya kankare kan batir da wuƙa, ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya, bai ga komai ba. Sai ya danna bel ɗin da ke juya dainamo, wanda ke cika batir, ya shinshina yatsansa.

"Mi nike ji haka? Alhaji, mota ka kawo ko kaskon suya? Wa ya shafa ma bel man gyaɗa? Santsi yake, dainamo ba ya juyawa!"

Baba ya ce, "Ni ne. Kuka yake da safe."

Bakaniken ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Ya goge bel ɗin da fetur da tsumma, ya ɗaure shi tamau. Wasu mata masu tallar nono suka sauke ƙwaryarsu suka taya mu turi, suna yi wa motar kirari. Ta kama, jar fitilar ta ɗauke, har na ɗan yi kewarta. Muka iske kasuwa na ci, kwando ɗaya kawai ya yi laushi.

Shekara da shekaru ana tsokanar Baba da mai soya mota, yana murmushi. Sai bayan na zama malama, Kaka, mahaifiyarsa, ta gaya mini ita ce ke shafa man. Kukan bel ɗin tausayi yake ba ta, kuma a wurinta duk abin da ya bushe mai yake so. Kullum idan Baba ya buɗe gaban motar ya tafi ɗebo wa motar ruwa, sai ta lallaɓo da gashin kaza ta shafa. Baba bai taɓa ganinta ba, ƙamshin man da take matsa da hannunta ya gane.