Kunne Biyu a Gari Ɗaya

Maigidana ya dawo daga soja da ɗingishi da wata riga mai maɓallan ƙarfe wadda ba ya yarda kowa ya wanke sai ni. Garinmu ƙaramin ƙauye ne a ƙasar Kurfai, kusa da Tabla. Gero muke nomawa, wasunmu na salla, wasunmu na bin abin da kakanni suka bari, rijiya ɗaya muke sha. Ƙafarsa ba ta barin sa ya yi noman kirki, don haka da wani sarzan, wato sajen soja, ya kira shi Filinge ya ce akwai aiki, bai tsaya gardama ba.

Aikin shi ne ya zama kunne. Sojan Faransa suna da wani biro, wato ofis, na tattara labarai, ɗaki ɗaya a bayan bariki, ba a rubuta komai a ƙofarsa ba. Ya taɓa yi mini bayaninsa yana hura hanci, sai ka ce gidan ubansa ne. Wai tun zamanin da Nasara ke bin mahara cikin hamada aka kafa shi, don a san rijiyoyi da hanyoyi da wanda ke da bindiga. Mahara sun ƙare, biro bai ƙare ba. Kunne ya kai wa sarzan, sarzan ya kai wa laftanan da ke zuwa daga Yamai, Yamai ta aika Dakar. Na ce, to ita Dakar wa take kai wa, kuma wa ke duba ta in ta yi kuskure? Ya ce in daina tambayar abin da ya fi ƙarfina.

Shi a ganinsa asiri ne. Allah sarki! Kafin a yanke gero har masu daka sun san abin da ke kai shi Filinge ranar kasuwa. Ba wanda ya ƙi shi. Ɗan gari ne, ga ƙafa, ga yara. Abin da ya dami mutane shi ne garinmu ba abin da ke faruwa a cikinsa, kuma an ji cewa sarzan ya fara yi masa tsawa, yana cewa kunnen da ba ya ji ba shi da amfani.

Sai dattawa suka shiga taimakon sa. In ya zauna a gindin gawo, wani zai juya ga na kusa da shi ya ce jiya ya ga Buzaye da raƙuma sun bi ta rijiyar gabas, kanwa suka ɗauko. Ba raƙumi, ba kanwa. Maigidana ya sunkuya kamar yana gyaran takalmi, yana haddacewa. Matar mai gari ce ta faɗa mini, ta ce kada in kuskura in gaya masa, zuciyarsa ba za ta ɗauka ba. Na yi dariya a ranar har da hawaye. Haka muka yi shekaru, labari marar cutar da kowa yana tafiya Dakar, tuwo yana shiga bakin ƴaƴana.

Wani rani wani ɗan koli ya sauka a zauren mai gari da allurai da madubai. Ba ya ciniki. Duk abin da ka taya sai ya ce ɗauka, sannan ya tambaye ka wa ya wuce ta nan kwanan nan. Kafin la'asar gari ya gane shi.

Mai gari ya tara dattawa ya ce, "Wanga ma kunne na. Amma baƙo na, ya taho daga nesa. Ba mu barin shi ya koma hannu wohi."

A ƙasarmu ba a ba baƙo abin da aka riga aka ba wani, abin kunya ne, kamar ka miƙa masa sauran tuwon jiya. Kuma rabon baƙo shi ne mai tsoka. Labarin raƙuma an riga an ba maigidana a makon nan, saboda haka suka zauna suka dafa wa ɗan koli nasa daban: wai mutane sun wuce ta rijiyar gabas da bindigogi a naɗe cikin tabarma, sun nufi Bonkuku. Suka raka shi har bakin gari suna jin daɗin sun fita kunya.

Abin da ba su sani ba, biron nan da gangan yake sa kunne biyu a wuri ɗaya, ba wanda ya san da ɗan'uwansa. Iyakar binciken da yake yi wa kansa ke nan. In bakinsu ya zo ɗaya, shi ke nan. In ya saɓa, ɗaya ya ci amana. Rijiya ɗaya, mako ɗaya, wannan ya ce kanwa, wancan ya ce bindiga. Sojoji suka zo da hantsi, maigidana yana kan tabarma yana murza igiya, suka tafi da shi. An ce ya ɓoye labarin masu makamai.

Na je gidan mai gari na yi abin da mace ba ta yi wa dattijo. Na ɗaga masa murya. Ya sa aka ɗaura wa jaki akumari, muka kama hanyar Filinge shi da ni da wani dattijo. Ya ce zai faɗi gaskiya, komai ta ja.

Gun kumandan, Nasaran da ke mulkin ƙasar, muka fara zuwa, shi da muke gani kamar ba wanda ya fi shi a duniya. Ya aiko aka ce mana wannan sha'anin soja ne, shi bai da hannu a ciki, ko ɗakin nan ba ya shiga. Muka zaga bayan bariki. Sarzan ya ce magana ta wuce shi, tana wurin laftanan. Laftanan yana ciki, amma sai ta bakin tafinta. Tafintan wani tsoho ne mai furfura, ya fito ya same mu a inuwar bango, mai gari ya kwashe komai ya faɗa masa.

Tafinta ya ce, "Baba, in kun ce in hwaɗi, ni hwaɗi. Amma ku ji. Yanzu laihin shi ɗaya na, ya ɓoye labari, ɗauri na a arewa. In na shiga da wagga magana, shekarun da ya yi duka ƙarya ya kai ma soja, kuma gari ɗungum ya haɗa baki. Ba su sakin shi. Ku ma ba ku komawa gida, kuma ban san wa za su bi su kwaso ba."

"Babu wani babba da za a kai ma kuka?" in ji mai gari.

"Akwai babba. Ba a kai mishi kuka, labari aka kai mishi."

Mai gari ya juyo ya dube ni, idonsa ya yi ja. Mijina ne, don haka ni aka bar wa magana. Na tuna ƴaƴana da ke wurin maƙwabciya, da mazan garin da ba su gama sharar gona ba. Na ce, "Baba, bari dai." Ban taɓa jin kalma ta yi mini ɗaci a baki kamar wannan ba.

Tafinta ya roƙar mini alfarma aka bar ni na gan shi kafin motar arewa ta tashi. Yana zaune a bayan motar cikin wasu mutane, an cire masa rigar. Bai tambayi yara ba, abin da ke cin sa daban ne. Ya matso bakin katako yana jan ƙafa.

Ya ce, "Ke, ban yi musu ƙarya ba ko sau guda. Tahi ki kira dattawa. Su sunka ga raƙuman da idonsu, su za su shaide ni."

Mai gari yana tsaye a bayana, ina jin numfashinsa. Na ce, "To, maigida." Direba ya tayar da mota. Wannan ne ganina da shi na ƙarshe, kuma har ya ɓace a kwanar hanya yana leƙen bayana, yana jiran mai gari ya yi magana.