Rabin Wa'azin da Gerasim Mai Zuma Ya Bari a Wajena

Ranar Talata, 14 ga Oktoba, da hantsi, Allah ya yi wa Gerasim Bodnar rasuwa a gidansa da ke Radauti, bayan jinyar da ta kwantar da shi tun lokacin girbi. 'Yan kasuwa sun fi saninsa da Gerasim mai zuma, wasu kuma Gerasim na Dokoki Goma. Ni ce Zamfira mai cuku, wadda teburinta ke manne da nasa tun gashin kanmu yana baƙi. Matarsa Saveta ce ta ce in rubuta wannan, wai na fi ta shan wa'azinsa.

Gerasim, na yi maka kuka, amma zuciyata a sake take. Da a farkon watan nan ka tafi, da ban iya riƙe alƙalami ba. Zan faɗi dalili, kuma da izinin iyalinka zan faɗa.

Duk wanda ya taɓa sayen zuma a wajenka ya san yadda kake yi. Sai ka bari mutum ya lasa, bakinsa ya yi zaƙi, sannan ka sunkuyo ka tambaye shi a hankali ko yana ganin kansa mutumin kirki ne. Wa zai ce a'a? Daga nan sai ka shiga bin Dokoki Goma na Allah da shi ɗaya bayan ɗaya, kamar mai duba haƙoran doki kafin ciniki. Ka taɓa yin ƙarya? Ka taɓa fita da abin da ba naka ba, ko da ƙusa ce daga masana'antar gwamnati? Ka taɓa sa ido a kan matar maƙwabci, ko motarsa? Kafin ka kai rabi, mutum ya tuna ya bar miya a wuta.

Ranar da ka fara gwada ni, ka ce, "Maƙwabciya, kin taɓa yin ƙarya?"

Na ce, "Bawan Allah, cuku fa nake sayarwa. Tambaye ni ko na taɓa faɗin gaskiya, mu gama da wuri."

Ka yi dariya har ka riƙe teburi. Sannan ka nuna mini sikelin hukuma da ke tsakiyar kasuwa, inda mai saye ke zuwa ya tabbatar ba mu cuce shi ba. Ka ce doka haka take: za ta gaya maka kayanka bai cika ba, amma ba za ta ƙara maka ko giram ɗaya ba. Mai cikawa daban ne. Wannan shi ne rabi na biyu na wa'azinka, labarin Almasihu da alherinsa, kuma shi ka fi so. Sai dai masu saye ba sa tsayawa su ji shi. Mutane da yawa a garin nan suna yawo da rabin mai ɗacin kawai. Ni kaɗai ce ba ni da hanyar gudu, don ba zan bar cukuna ba. Haka na haddace shi ba da sona ba, har da ɗan tarin da kake yi kafin ka ambaci gicciye.

Ban taɓa shiga cocinku ba, kuma ba ka taɓa fushi ba. Ni ta tsohon coci ce, mai turare da kyandir. Ku kuwa tubabbu, kamar yadda muke kiranku, ba barasa, ba rawa, ba kyandir. Amma shekarar da mijina ya rasu, kai ne kake ɗaukar mini bokitan cuku daga mota zuwa teburi cikin ƙanƙara, kuma duk lokacin sanyin nan ba ka tambaye ni doka ko ɗaya ba. Da ƙanƙara ta narke ka dawo da tambayoyinka, a nan na gane ka ga na warke. Tsofaffin nan masu zuwa ɗanɗano kullum ba sa saye, kana tsammanin ban lura ba cewa cokalinsu daban ne, kuma ya fi na kowa girma?

A farkon watan nan Saveta ta zo teburina, idonta ya kumbura. Ta ce, "Zamfira, ki zo ki ga mutuminki. Ba ciwon ne ke cinsa ba."

Ashe kana kwance kana bin dokokin nan da kanka, kamar yadda ka bi su da mutanen gari, ka zo kan ta biyar, ta girmama iyaye, ka maƙale. Lokacin da kake saurayi, sabon tuba, jininka na tafasa, mahaifiyarka tana kan gargara ta nemi a sa mata kyandir a hannu. Kowa a nan ya san mutuwa ba kyandir ko maƙiyi ba a yi masa fatanta. Yayarka Profira ta kunna, kai kuma ka hure, ka ce ba wannan ke ceton mutum ba. Tsohuwa ta cika a tsorace, tana laluben iska. Tun daga ranar Profira ba ta ƙara bi ta layin masu zuma ba.

Fasto ya zo, 'yan'uwanka na coci sun zo, sun yi waƙa, sun yi karatu. Ka ce musu kai ka koya musu duk wannan, kuma yaranka ne, dole su faɗi abin da zai yi maka daɗi. Ba ka ci, ba ka barci. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana roƙon jama'a su tsaya su ji rabi na biyu, ga shi zai mutu a rabi na farko.

Na same ka ka rame, fuskarka na kallon bango. Na ja kujera na zauna, na ce, "Gerasim, kana ganin kanka mutumin kirki ne?"

Ka ce, "Kada ki yi mini wasa, Zamfira."

"Wasa? Na bar cukuna a hannun surukata, ka san abin da hakan ke nufi. Amsa mini."

"A'a. Ni ba mutumin kirki ba ne."

"Ka girmama uwarka?"

"Na hure mata kyandir."

"To, sikeli ya faɗi nasa, kayanka bai cika ba. Yanzu kai ma za ka ɗauki kwalbarka ka gudu kamar masu sayen zumarka? Kwanta ka ji saura."

Sai na yi ɗan tarin nan naka, na mayar maka da maganarka tiryan-tiryan. Cewa Almasihu bai hau gicciye don masu cikakken awo ba, tunda babu su. Cewa doka ta kawo ka bakin ƙofa ne, ba ita ce mai gidan ba. Cewa babu dokar da aka ware aka ce jininsa bai kai kanta ba, ko ta biyar ce. Da na gama na ce, "Ko kuwa duk shekarun nan jabun kaya kake tallata mana, wanda kai ba ka iya ci?"

Ka juyo. Hawaye na bin kumatunka, kana dariya. Ka ce, "Ashe kina ji."

Na ce, "Ina da zaɓi ne?"

Ranar ka ci tuwon masara da cukun da na kawo, ka yi barci. Da ka farka ka ce da Saveta tsakaninka da Allah ka huta, saura Profira. Ni aka aika, don an san ba na jin kunya. Na same ta a tsohon coci, inda take kula da teburin kyandir. Ta ce in gaya maka ka ci zumarka. Na ce ni ba 'yar aikenta ba ce, ta je ta faɗa da bakinta.

Ta zo ranar Talatar, jakarta a ƙarƙashin hammata, ta tsaya a bakin gado kamar mai jiran bas. Ka nemi gafararta sau uku, yadda iyayenmu ke yi, ba yadda ake yi a cocinku ba. Na farko ta kau da kai. Na biyu ta matso kusa da kai. Na uku ta ce, "Allah ya gafarta maka, ƙanena, ni ma na yafe." Sannan ta zuge jaka ta fito da kyandir, ta riƙe shi tana kallonka, tana kallon fasto.

Ka ce, "Kunna, Yaya. Allah yana gani a duhu, ba don shi ba ne. Don Inna ne."

Fasto, Allah ya saka masa, nan take ya ga wani abin kallo ta taga. Profira ta sa maka kyandir a hannu, ta rufe hannunka da nata. Ka cika kafin ya ci rabi, fuskarka kamar ta wanda ya sayar da kayansa duka tun kafin azahar.

Saveta, Allah ya ba ki haƙuri, ya zama gatanki. Profira, Allah ya sanyaya miki zuciya. 'Ya'ya da jikoki, na gida da masu aiki a ƙasashen waje, da jama'ar cocinsa, da mu 'yan kasuwa da ya dama tsawon shekaru, Allah ya ba mu juriyar wannan rashi.

Gerasim, na san a cocinku ba a yi wa mamaci addu'a, kun ce ya riga ya isa gida. Ni dai ta tsohon coci ce, kuma yanzu ba ka da bakin hana ni. Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka, ya sa ƙasa ta yi maka sauƙi, ya haɗa ka da Inna cikin haske. Mai cikawar da ka yi ta ba mu labarinsa, ya cika maka awonka. Amin.